Faifan Kawu da Tsohuwar Kwamfutar Bunguɗu

Ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe layukansu a duk faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin jihar, don a samu damar kai wa 'yan bindiga farmaki. Da farko an ce na mako biyu ne. Gusau ba ta sake ganin sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai da suka kai ƙarshen Nuwamba. A kwanakin farko mutane kan hau mota su bi ta Tsafe zuwa Funtuwa don su yi kira ɗaya ko su tura kuɗi, kafin ita ma Funtuwar a rufe nata layin. An rufe kasuwannin mako, an rufe makarantu, an hana sayar da mai a jarka.

A tsakiyar wannan hali ne kawuna, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya a Bunguɗu, ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi zaune gaban kwamfutarsa, irin mai babban akwati da allo mai ƙeya, wadda ya saya gwanjo daga wani shagon buga takardu da ya rufe a Gusau. A hannunsa akwai faifan CD guda ɗaya a cikin ambulan.

"Ɗana, wagga na'ura ta ƙi ni. Abin da anka zuba cikin faifan ga, ta ce ba ta san shi ba."

Abin da ke cikin faifan hotunan shafukan wani kundi ne na mahaifinsa, kakana ke nan, da ya rubuta da hannunsa: wa'azi da ajami, lissafin gado, sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu, da ranakun haihuwa da rasuwa na dangi. Shekaru kusan goma kafin nan Kawu ya kai kundin wani shago an ɗauki hotonsa shafi-shafi, an haɗa shi fayil ɗaya na PDF. Ainihin kundin ya koma ƙauye wurin babban wansa. Da aka tashi ƙauyen cikin dare, ba wanda ya tsaya ɗaukar gafaka. Faifan nan shi kaɗai ya rage, ga kuma maganar rabon gona ta taso tsakanin 'ya'yan marigayin, kowa na cewa tsoho ya rubuta iyakar a kundinsa.

Na sa faifan, na danna fayil ɗin. Windows XP ta fito da ɗan akwatinta tana cewa ba ta san manhajar da za ta buɗe wannan ba, ta kuma ba ni zaɓi biyu: ko in zaɓa daga jerin manhajojin da ke ciki, ko ta shiga intanet ta nemo mini. Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ashe watanni kafin nan wani yaro ya wanke kwamfutar saboda bairos, ya mayar da Windows da Word, ya manta da manhajar karanta PDF. Na kwafo fayil ɗin zuwa wayata, ya buɗe nan take, amma idon Kawu ba ya iya bin rubutun ajami a allon da bai kai tafin hannu ba, kuma shi so yake ya tara 'yan'uwa su gani tare.

Tun daga ranar nake tunanin tarihin wannan ƙaramar matsala, domin ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

Wanda ya san hanyar Gusau zuwa Tsafe ya san 'Yandoto. Kafin jihadi garin yana cikin ƙasar Katsina, kuma ya yi suna a matsayin mazaunin malamai da ɗalibai ke zuwa daga nesa. Da jihadi ya tashi, da yawa daga malaman garin ba su bi Shehu Usmanu ba, tsakanin 1805 da 1806 kuma Muhammadu Bello ya ci garin da yaƙi. Bayan 'yan shekaru, a wasiƙun da aka yi ta musaya tsakanin Sakkwato da Borno, Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi ya zargi masu jihadi da wulaƙanta littattafai. Bello ya kawo zargin da amsarsa a Infaƙul Maisuri, inda ya ba da labarin yadda ya ga iska na watsa takardu bayan an ci wani gari, ya yi ta tsinta da kansa, ya kuma tsawata wa jama'arsa. Wasu masana tarihi na ganin a 'Yandoto abin ya faru. Ba shari'ar wancan zamani nake son yi ba. Abin da ya tsaya mini shi ne yadda iska za ta iya watsa littafi, domin littafin malaman ƙasar nan ba ɗinkakke ba ne. Warƙoƙi ne a sake, a tsakanin bango biyu, a ɗaure da igiyar fata, a sa a gafaka. Abin da ke riƙe da tsarinsu shi ne kalma ɗaya da marubuci kan sa a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafi na gaba. Wanda bai san wannan dabara ba, ko an tsinto masa warƙoƙin duka ba zai mayar da su littafi ba.

Haka kuma rubutun kansa. A hannun malamanmu na allo, fa'un ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama, yadda mutanen Magrib ke yi. Yaron da ya tashi da bugun Masar ko na Madina kaɗai, in ka miƙa masa shafin kakansa, sai ya karanta ƙaf a matsayin fa'un. Takardar tana nan lafiya, tawada ba ta goge ba, amma sai an samu wanda aka koya wa karanta ta. A Bunguɗu ranar nan muna da mai karatun, Kawu ne. Abin da muka rasa shi ne ɗan tsakanin da zai fito masa da shafin a allo.

Boko ma ya sha irin tasa wahalar, kuma tasa ta fi kusa da zancenmu. Hausa na da sautukan da baƙaƙen Turawa ba su da su.  A ƙarshen shekarun 1930 ne, zamanin da Rupert East ke jagorancin hukumar talifi a Zariya, baƙaƙe masu lanƙwasa suka zauna, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a Janairun 1939 kuma ta kai su ko'ina. Maɗaba'a ta samu nata ƙarafan. Keken rubutu na ofis kuwa yawanci ba shi da su, sai magatakarda ya buga k ya dawo da biro ya yi mata ƙugiya, ko ya bar ta haka mai karatu ya yi hasashe ko kafa ake nufi ko ƙafa.

Da kwamfuta ta shigo ofisoshi da jami'o'i, sai matsalar ta dawo sabuwa. Tsarin Unicode ya tanadi gurbin ɓ da ɗ da ƙ tun farkon shekarun 1990, amma zanen baƙaƙen da kowa ke aiki da shi a Windows na lokacin, irin su Times New Roman, ba su ɗauke da su ba. A tsakiyar shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zanen baƙaƙe na Hausa, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora masu lanƙwasa a kan maɓallan da ba a cika taɓawa ba. Dabara ce mai kyau, kuma ta yi wa marubuta da ɗalibai aiki shekara da shekaru. Sai dai tana da sharaɗi ɗaya: duk kwamfutar da za a buɗe rubutun a cikinta sai ita ma an ɗora mata zanen. In babu, ɗalibi ya kai kundin digirinsa shagon bugawa, sai ya ga ƙasa ta koma }asa, waɗanda ta koma wa]anda, ɓangare ta koma ~angare. Har yau in ka ci karo da tsohuwar maƙala a intanet cike da irin waɗannan alamomi, ko wadda ake rubuta qasa da xaya da vangare, sawun wancan zamani kake gani.

A can Amurka, wani mutum ya riga ya damu da irin wannan matsala, duk da bai san da zaman Hausa ba. John Warnock, wanda shi da Charles Geschke suka kafa kamfanin Adobe a 1982, ya rubuta wata 'yar takarda a farkon shekarun 1990 da ya kira aikin Camelot. Burinsa shi ne a samu hanyar da takarda za ta tashi daga kowace kwamfuta ta sauka a kowace, ba tare da kamanninta sun canza ba. Daga nan aka haifi PDF, aka fitar da Acrobat a watan Yunin 1993. Hikimar ita ce fayil ɗin yana tafe da guzurinsa: ya san inda kowane harafi zai zauna a shafi, kuma yana iya ɗauke da zanen baƙaƙen a cikinsa. Ga mai rubutun Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ka mayar da rubutunka PDF a kwamfutar da ke da Rabi'at, ƙugiyoyinka za su isa Sakkwato ko Landan yadda ka bar su.

Amma a farko kasuwar ba ta karɓa ba, saboda manhajar karantawar ma sayar da ita ake yi, dala 50 kowane mutum. Wa zai aika takardar da sai mai karɓa ya biya kafin ya gani? A 1994 kamfanin ya mayar da ita kyauta, hukumar harajin Amurka ta rungumi tsarin wajen rarraba fom, daga nan abin ya bazu. A 2008 PDF ya fita daga hannun kamfani ɗaya ya zama ma'aunin duniya mai lamba ISO 32000, wanda kowa ke da damar rubuta manhajar da za ta karanta shi. Tun kafin nan ma wasu sun fara: Foxit Reader ta fito a 2004, SumatraPDF a 2006, dukansu ƙanana marasa nauyi.

Kyauta a Amurka daban, kyauta a Gusau daban. An ƙirƙiri jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, sabbin ma'aikatu suka buɗe, shagunan buga takardu suka biyo su. Wayar salula ta GSM sai 2001 ta fara aiki a Nijeriya, intanet kuma na shekarun da suka biyo baya a kafe yake, inda ake sayen minti talatin ko awa ɗaya, layin na tafiya kamar hawainiya. Manhajar kyauta ce, amma sauke ta ba kyauta ba ne. Adobe Reader ta 9, wadda ta fito a 2008, ta haura megabait 30, faifan filofi kuwa megabait 1.44 kawai yake ɗauka. In wuta ta ɗauke ana saura kaɗan, an koma farko. Saboda haka yawancin kwamfutocin garin ba daga intanet suka samu manhajojinsu ba. Daga jakar mai gyara suka samu. Kowane mai gyaran kwamfuta yana da jakar faifai mai zif, a ciki akwai Windows, akwai Office, akwai maganin bairos, akwai faifan tarkacen ƙananan manhajoji da aka kwafo daga wanda shi ma ya kwafo daga wani a Kano ko Kaduna. Manhaja ta riƙa tafiya hannu da hannu, yadda littafi ke tafiya a zamanin masu kwafa da alƙalami. A ganina ba a ba mutanen nan haƙƙinsu a tarihin ilimi na ƙasar nan ba. Mun san sunayen shugabannin makarantu, amma wanda ya sa kwamfutocin makarantun suka iya buɗe takarda, sunansa Injiniya kawai.

Malaman addini na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan hanya. A 2005 aka fitar da Maktaba Shamila, manhaja ta kyauta mai ɗauke da dubban littattafan Larabci, tafsiri da hadisi da fiƙihu da nahawu, wadda ba ta buƙatar intanet ko kaɗan bayan an ɗora ta. Malamin da a da sai ya yi tafiya zuwa Kano ko ya jira alhazai kafin ya ga wani littafi, sai ga shi yana binciken kalma ɗaya a cikin ɗaruruwan mujalladai yana zaune a zaurensa. Ita ma tana da nata sharaɗin. Tsofaffin fitowarta ba sa nuna Larabci sai an shiga saitin harshe na Windows an mayar da shi Larabci, a XP kuma sai an ƙara fayilolin rubutun dama zuwa hagu, wanda a nan ne na'urar kan ce a sa mata faifan Windows na asali. Wanda ba shi da faifan, sai ya ga alamomin tambaya jere a inda sunan littafi ya kamata ya fito. Kusa da Shamila kuma akwai littattafan da aka ɗauki hotonsu aka mayar PDF, waɗanda malamai ke so saboda lambar shafinsu ta dace da ta bugun takarda. Irin wannan PDF hoto ne zalla, babu harafi ko ɗaya a cikinsa da na'ura ta sani, shi ya sa yake da nauyi kuma ba a iya binciken kalma a ciki. Kundin kakana irinsa ne.

Daga baya abubuwa biyu suka faru kusan lokaci guda, suka bar irin kwamfutar Kawu a baya. Na farko, karanta PDF ya daina zama aikin manhaja ta musamman. Chrome ta fara buɗe shi da kanta a 2010, Firefox a 2013, Windows 8 ta zo da nata mai karantawa, wayoyin Android kuma suka cika aljihu. Yaron da aka haifa bayan 2005 bai taɓa sanin ana ɗora wani abu kafin a buɗe takarda ba. Na biyu, masu yin manhaja suka fara ɗauka cewa kowa na kan layi. Maimakon su ba ka manhajar gaba ɗaya, sai su ba ka ɗan ƙaramin fayil wanda aikinsa kawai ya shiga intanet ya jawo sauran. Microsoft ta daina kula da Windows XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, Adobe Reader ta 11 ta 2012 kuma ita ce ta ƙarshe a jerinsu da ke aiki a kanta. Duk wanda ya zo bayan nan da sabuwar manhaja, tsohuwar na'ura za ta ce masa ba ta gane ba.

Masu karanta littattafan Hausa a waya ma sun ɗanɗana wani ɓangare na wannan. Da dandalin OkadaBooks, inda marubutanmu mata da yawa ke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamban 2023, waɗanda suka fi kwanciyar hankali su ne masu ajiye kwafinsu a memori. Littafin da ke zaune a cikin manhajar wani, ranar da mai manhajar ya rufe shago sai yadda ya yi da kai.

Duk wannan ban tsara shi a kaina ba ranar da na hau mota daga Bunguɗu zuwa Gusau. Abin da na sani shi ne ina neman manhaja, kuma babu inda zan sauke ta. Na fara da wani aboki mai laftof, ya duba ya ce yana da ita, ya zuba mini a filas. Na koma Bunguɗu, muka jira wuta har bayan la'asar, tunda janareta ba mai. Na danna, sai ga ɗan ƙaramin fayil ɗin nan yana neman layi. Washegari na sake komawa, wani ya ba ni cikakkiya, mai nauyi, sabuwa fil. Ita kuma ta ce wannan Windows ɗin ta tsufa. Kawu bai ce komai ba, ya dai gyara zaman tabaraunsa ya ce, "Allah shi kai mu gobe."

A rana ta uku aka kwatanta mini wani dattijon mai gyara a wani lungu kusa da kasuwa, wanda yanzu ya fi gyaran waya da sayar da caja. Da na faɗa masa abin da nake nema, ya dube ni ya ce, "Malam, XP? Wa ad da ita har yanzu?" Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da jakar faifai wadda zif ɗinta ya mutu, ƙura ta rufe ta. Ya yi ta juya su yana karanta abin da aka rubuta da maka. Biyu sun karce ba sa karantuwa. Na uku ya buɗe, a ciki akwai tsohuwar manhajar karanta PDF da wata ƙarama wadda ba ta buƙatar a ɗora ta ma, daga filas take tashi. Ya zuba mini duka biyun. Na tambaye shi kuɗi, ya ce in ba da abin da ya sauwaƙa, shi dai ya ji daɗin an tuna da jakar.

Akwai abu guda da ya gargaɗe ni a kai, wanda daga baya na tabbatar gaskiya ne: kada in ɗauki wadda ta tsufa da yawa. PDF ma yana da zamani-zamani, kuma hanyoyin matse hoto da aka ƙara a farkon shekarun 2000 ba sa buɗuwa a manhajojin da suka girme su. Sabuwa ta ƙi na'urar, tsohuwa tukuf kuma za ta ƙi fayil ɗin. Sai ta tsakiya.

Wuta ta zo da dare. Na sa filas, na kwafe manhajar zuwa cikin kwamfutar, na danna, layin nan mai launin kore ya yi ta tafiya a hankali har ya cika. Fankar akwatin na ƙara kamar injin niƙa. Da na danna fayil ɗin kundin, allon ya yi fari na ɗan lokaci, sannan shafin farko ya sauko daga sama zuwa ƙasa, takarda mai launin ƙasa-ƙasa, tawada baƙa, wasulla da ja. Kawu ya matso da kujerarsa har gwiwarsa na taɓa tebur. Bai nemi shafin gonar ba tukuna. Ya tsaya a kan jerin sunayen malaman mahaifinsa, yana bi da yatsa a kan gilashin, ya nuna mini ɗaya ya ce wannan mutumin Tsafe ne, kakanninsa daga 'Yandoto suka fito.

Shafin iyakar gonar yana can wajen na arba'in, kuma wanda ya ɗauki hoton ya sa shi a kife. Na nuna wa Kawu maɓallin da ke juya shafi. Ya sa na maimaita sau uku, sannan ya ɗauko biro ya rubuta matakan a bayan ambulan ɗin faifan, da ajami.